A United Kingdom: na zo kallon ango da amarya, baffan ango ya tsaya mini a rai

Wani abokin aikina a makarantar da nake koyarwa a nan Daura ne ya dame ni da zancen fim ɗin nan, har na gaji na je wurin yaran da ke tura finafinai a waya. Turin farko bai yi ba, baki na motsi magana na biyowa daga baya, sai da na koma washegari aka sake mini. Daren Juma'a muka kalle shi a tsakar gida, ni da uwargida da Baffana da ya zo daga ƙauye ganin likitan ido. Na jingina wayar da fulas ɗin shayi, ina yi musu tafinta, don babu fassarar Hausa.

Fim ne na 2016, Amma Asante ce ta ba da umarni, kuma labarin ya faru da gaske. David Oyelowo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya fito a Seretse Khama, yariman ƙabilar Bamangwato na ƙasar Bechuanaland, wato Botswana ta yau. Mahaifin Seretse ya rasu a 1925 yana ɗan shekara huɗu, sai ƙanin mahaifin, Tshekedi Khama, ya riƙe masa sarauta, ya rene shi, ya tura shi Ingila karatu. A Landan, a 1947, ya haɗu da Ruth Williams a wurin rawa, Baturiya, akawu a kamfanin inshora. Rosamund Pike ce ta fito a ita. A 1948 suka yi aure a ofishin rajista, bayan an hana su ɗaura shi a coci.

Soyayyar tasu ba ta kama ni ba. An yi ta da gaggawa: rawa, faifan kiɗa, yawo cikin hazo a bakin kogi, sai ga shi ya durƙusa yana neman aure. Uwargida ta ce ko fim ɗin Indiya ya fi haka jan rai. Amma sutura kam an kashe mata kuɗi da hankali. Kwat ɗin maza masu faɗin kafaɗa, rigunan Ruth da suka dace da sanyin Landan suka zame mata kaya a zafin ranar Serowe, garin su Seretse, tsofaffin motoci cikin jar ƙura. Landan toka-toka, Botswana kuwa haske kamar yammacin kaka a hanyar Zango.

Inda Tshekedi ya fara faɗa ne Baffa ya gyara zama. Ya ce, “Dakata, ɗana. Wa ya je nema masa auren?” Na ce, “Babu kowa, Baffa, wasiƙa ya rubuto gida.” Ya ce, “Wasiƙa? Ga mutumin da ya riƙe maka gadon ubanka shekara ashirin da ɗoriya?” Ya girgiza kai, ya ce a ci gaba.

Tambayar nan ita ce fim ɗin bai tsaya ya amsa ba, kuma ita ce babban ƙorafina da shi. Ya fi son mu ɗauka fushin Tshekedi na launin fata ne, ya ajiye shi kusa da mahaifin Ruth da ya juya mata baya. Akwai launin, ba a musu, mutanen da Turawa ke mulka ba za su yi guɗa don an kawo musu Baturiya uwar ƙasa ba. Amma a al'adarsu auren mai jiran gado ba nasa ba ne shi kaɗai, domin matar ce za ta haifi sarkin gobe, dangi da dattawa na da ta cewa. Duk wanda ya taɓa zama a zauren da ake binciken asali ya san haka. Mu nan kafin a tambayi kyan yarinya an tambayi ɗiyar gidan wa ce. Na ga auren da ya watse a danginmu bayan an kai kuɗin gaisuwa, don kawai an gano kakan yaron mahauci ne, alhali shi yaron yana da digiri da aikin gwamnati. Ruth ɗiyar talakawan gari ce a ƙasarsu, Seretse jikan Sarki Khama na uku. Fim ɗin ya shafa wannan tazarar sama-sama ya wuce. Vusi Kunene, wanda ya fito a Tshekedi, da ido kawai yake nuna ciwon wanda aka raina, kuma da an ba shi fili da ya cinye fim ɗin.

Wurin da ya biya ni kuɗin turina shi ne taron kgotla, dandalin da mazan gari ke zama a yanke shawara a gaban sarki. Seretse ya miƙe ya yi jawabi har da ƙwalla, jama'a suka mara masa baya. A tarihi sau uku aka zauna, sai a na ukun, watan Yuni 1949, ya yi rinjaye, fim ɗin ya dunƙule su. Jama'a sun yarda, amma Birtaniya ta ƙi, saboda Afirka ta Kudu da ke maƙwabtaka da su ta kafa mulkin wariyar launin fata a 1948, ta haramta auren baƙi da fari a 1949, ga kuma zinare da yuraniyom ɗinta da Ingila ke bukata. Aka yaudare shi zuwa Landan a 1950, aka hana shi komawa na shekara biyar, gwamnatin Churchill ta zo ta mai da korar ta dindindin. Nan ban sha wahalar tafinta ba. Baffa da kansa ya ce, “Ai halinsu ne.” Ya tuna mana yadda suka tuɓe Sarki Yero a Katsina a 1906 suka ɗora Durbi Muhammadu Dikko, da yadda a nan Daura suka dawo da Malam Musa daga Zango. Wanda suka ga dama suke naɗawa.

Abu biyu mai kallo ya sani. Babban jami'in Turawa mai izgilin nan, Alistair Canning, ƙirƙirarre ne, kuma an yi shi mugu har ya zama abin dariya. Sannan batun gano lu'ulu'u a ƙasar, fim ɗin ya jawo shi baya don labari ya yi daɗi, domin sai a 1967 aka gano na yankin Orapa. Gaskiyar ita ce sai da Seretse ya haƙura da sarauta aka bar shi ya koma gida a 1956, ya shiga siyasa, ya zama shugaban Botswana na farko a 1966.

Za a iya kallonsa da manya, sai dai akwai sumbata da wurin ɗaki da na tura gaba da sauri, Baffa na kallon sama.

Da aka gama uwargida ta ce ita ba ta ga abin mamaki ba, ai garin nan ma Daurama baƙo ta aura, mutumin da ba a san gidansu ba. Baffa ya ce, “Shi Bayajidda sai da ya kashe macijin Kusugu mutane suka sha ruwa. Wannan yarinya me ta kashe?” Ta ce, “Baffa, ta zauna ita kaɗai da ciki a garin da ba a sonta, ta haihu a asibitinsu.” Ya yi shiru, sannan ya ce in mayar masa da wurin taron nan ya sake gani.