Lambar QR: Wacce Za Ka Zaɓa Kafin Ka Kai Maɗaba'a?

Tun da kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro lambar QR, wato hoton ɗigo-ɗigo mai kusurwa huɗu da ake ɗauka da waya, a 1994 domin bin sawun sassan motoci a masana'anta, ta yaɗu har ta hau katin gayyata, kwalin kaya da allon talla. Mai son buga ta yana da zaɓi biyu a gabansa, kuma wannan zaɓi ya fi launi da ado muhimmanci.

Ta farko ita ce tsayayya, wadda adireshin intanet ɗin yake saƙe a cikin ɗigo-ɗigonta. Kyauta ake samun ta, kuma tana aiki muddin shafin yana nan, sai dai da zarar an buga ta babu gyara. Ta biyu kuwa gajeren adireshin wani kamfani take ɗauke da shi, shi ne yake tura mutum zuwa shafinka, saboda haka kana iya sauya inda take kaiwa, ka kuma san yawan waɗanda suka ɗauke ta da waya. Matsalarta ita ce kuɗin wata-wata, domin wasu kamfanoni suna rufe ta idan aka daina biya, alhali kwalayenka suna kasuwa. A ganina, ƙaramin ɗan kasuwa mai gajeren adireshi na kansa ya ɗauki tsayayya, ya bar ɗayar ga masu tallan da ke sauyawa duk wata.

Akwai kuma matakai huɗu na jure lalacewa: L yana jure kusan kashi 7 cikin ɗari, M 15, Q 25, H 30. Wanda zai ɗora tambarinsa a tsakiya, ko zai manna ta inda rana da ƙura suke ci, ya zaɓi H, amma ya sani ɗigon zai ƙaru, dole ya ƙara mata girma. Ga fuskar waya ko kwamfuta, M ya wadatar.

Wajen girma, a raba nisan mai ɗauka gida goma: allon da za a ɗauka daga mita 2 yana bukatar lamba mai faɗin santimita 20. A bar farin fili mai faɗin ɗigo huɗu a kewayenta, a sa launi mai duhu a kan mai haske. Ka miƙa wa maɗaba'a fayil ɗin SVG, wanda ba ya dushewa idan an faɗaɗa shi, fayil ɗin hoto na PNG kuma ya tsaya ga intanet. Ka nemi a buga maka gwaji guda, ka jarraba shi da tsohuwar waya kafin a buga sauran.