Shagon hayar littattafai da ya tara masoya labaran samurai a Kaduna

Hayar littattafai ba baƙuwar sana'a ba ce a ƙasar Hausa, domin da ita aka raini masu karanta littattafan soyayya tun shekarun 1990, amma shagon da ke ba da hayar labaran zane na Japan, waɗanda ake kira manga, ba kasafai ake cin karo da shi ba. Akwai irinsa a wani layi da ke bayan titin Ahmadu Bello a cikin garin Kaduna, wanda asalinsa shagon tsofaffin littattafan makaranta ne, daga baya mai shi ya keɓe kanta biyu ga labaran samurai, wato mayaƙan Japan na da, waɗanda aka hana su yawo da takobi a shekarar 1876. Duk fassarar Turanci ce, kuma ana ajiye kuɗin jingina kafin a fita da littafi, a mayar wa mutum idan ya dawo da shi lafiya.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a kantar shi ne Vagabond na Takehiko Inoue, wanda ya soma fitowa a 1998, aka kuma gina shi a kan ƙagaggen labarin da Eiji Yoshikawa ya rubuta game da Miyamoto Musashi, gwanin takobin da ya rasu a 1645. Shagon yana da bugun nan mai kauri da ke haɗa juzu'i uku a littafi guda, kuma girman shafinsa ya ba zanen haƙƙinsa, har mai karatu yana ganin inda burushin tawada ya bushe a kan gashin Musashi, da yadda gumi ke bin tsagin yatsunsa a kan ƙotar takobi. Daga dama zuwa hagu ake karanta shi, kamar yadda ake karanta ajami, shi ya sa waɗanda suka yi makarantar allo ba sa ɗaukar lokaci kafin idonsu ya saba.

A kan wannan littafin ne masu zuwa shagon suka rabu gida biyu, kuma muhawararsu da yamma, bayan sallar La'asar, tana cikin abubuwan da suka sa wurin ya cancanci ziyara. Samari da yawa sun fi son inda Musashi ya tunkari mutum 70 na makarantar koyon takobi ta Yoshioka shi kaɗai, suna kuma ƙorafin cewa labarin ya yi sanyi a juzu'an ƙarshe, lokacin da ya ajiye takobi ya shiga wani ƙauye da yunwa ta addaba, yana fama da ƙasa da ambaliya don ya samar da gonar shinkafa. Na ji wani ɗalibi yana ce wa mai shagon, "Baba, ni fa faɗa na zo gani, ga shi kuma an kai ni noma." Dattijon ya amsa masa da cewa, "Ɗana, ka ƙarasa tukuna, sannan ka dawo mu yi magana." Ni dai ina tare da dattijon, domin a wannan sashen ne marubucin ya nuna abin da kisa ya yi wa zuciyar mutumin da ya nemi suna da shi, kuma duk wanda ya san zullumin manomi idan damina ta yi gardama zai gane nauyin waɗannan shafuka. Abin da kowa ya yarda a kai shi ne takaicin tsayawar labarin, domin tun 2015 ba a ci gaba da shi ba, alhali an tsaya a juzu'i na 37 ba tare da an kai ga shahararren karon Musashi da babban abokin hamayyarsa Sasaki Kojiro ba.

A kanta ta biyu akwai Lone Wolf and Cub na Kazuo Koike da Goseki Kojima, wanda ya fito daga 1970 zuwa 1976 a juzu'i 28, labarin uban da ke yawon ɗaukar fansa yana tura ƙaramin ɗansa a keken jarirai. Mai shagon ya san asalin kayansa, yakan kuma bayyana wa masu haya cewa wannan aikin ya yi tasiri a kan Frank Miller, mai zana labarai na Amurka, wanda ya zana bangon fassararsa ta Turanci a 1987. Idan hira ta yi nisa, yakan kai su ga fim ɗin Akira Kurosawa na 1954 game da samurai bakwai da suka kare ƙauyen manoma daga 'yan fashi, wanda Amurkawa suka sake yi a 1960, kuma sawunsa ya bayyana a Sholay na 1975. Da zarar an ambaci Sholay, manyan da suka kalle shi a silima sukan sa baki, sai hirar ta zama ta kowa.

Shagon yana da gyara a wurare biyu. Wasu jerin suna da giɓi a tsakiya saboda masu haya da ba su dawo da littafi ba, kuma rajistar da ake rubuta sunaye a ciki ba ta isa ta magance hakan ba. Na biyun ya fi muhimmanci, domin littattafan nan biyu suna ɗauke da zubar da jini da tsiraici waɗanda ba su dace da yara ba, amma an jera su daidai inda hannun ɗan firamare zai kai, kusa da littattafan lissafi. Ya kamata a ɗaga su sama, a bar wa yara irin Usagi Yojimbo na Stan Sakai, labarin zomo mai takobi da ya soma fitowa a 1984, wanda shi ma yana nan a shagon, kuma iyaye za su iya fara duba shi kafin su miƙa wa 'ya'yansu.