Gargaɗi ga masu zane da masu ɗaukar hoto a Yamai game da wani mai tallan “bugun gidan tarihi”

Ina rubuta wannan gargaɗi ne zuwa ga ƴan uwana masu ɗaukar hoto da masu zane na birnin Yamai, har da waɗanda ke aiko da aikinsu daga Tawa, Maraɗi, Damagaram da Agadas, game da wani mutum da ya shafe watanni yana tallata kansa a Facebook da WhatsApp a matsayin mai buga hotuna bugu na musamman, irin wanda ake ratayawa a gidajen tarihi da zaurukan baje koli. Ni kaina na faɗa hannunsa, kuma da na fara faɗa wa abokan sana'a abin da ya same ni, sai na tarar akwai waɗanda suka riga ni ƙonewa suka yi shiru saboda kunya. Ba zan ambaci sunansa ba, domin maganar tana gaban hukuma, kuma sunan ba zai amfane ku sosai ba tun da ya riga ya sauya shi sau biyu. Salon aikinsa ne ba ya sauyawa, shi zan bayyana muku.

Jarinsa na farko kalma ce guda, wadda yake rubutawa giclée, ana furta ta jikle. Wani ma'aikacin ɗab'i a Amurka mai suna Jack Duganne ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1991 daga kalmar Faransanci mai nufin fesawa, domin a samu sunan da za a kira hotunan fasaha da ake bugawa da injin fesa tawada. Babu wata hukuma da ke tsaron wannan kalma ko ba da lasisin amfani da ita, saboda haka duk wanda ya ga dama yana iya liƙa ta a kan aikinsa. A wurin masu sana'ar na gaskiya kuwa, tana nufin abubuwa sanannu da ake iya dubawa. Tawadar ta zama ta garin launi, wato ƙananan ƙwayoyin launi masu jure haske, ba tawadar rini da ke narkewa cikin ruwa ba. Takardar ta zama ta auduga marar asid, ko ƙyallen zane da aka shafe domin wannan aiki. Injin kuma ya zama mai launuka da yawa, kamar Epson SureColor P900 mai tawada 10 ko Canon PRO-1000 mai 12, sannan a daidaita launin allon kwamfuta da na takarda kafin a buga. Kamfanonin da suka yi suna wajen irin wannan takarda tsofaffi ne ƙwarai: Hahnemühle na Jamus ya samo asali tun 1584, Canson na Faransa kuwa tun 1557. Sunayen nan biyu ne mutumin ke yawan ambata, kuma babu ruwansu da abin da yake aikatawa, aron sunansu kawai ya yi.

Hotunan da ke shafinsa suna ɗaukar ido. Akwai babban inji, akwai hannu sanye da farar safa yana ɗaga takarda, akwai kwalaye a jere. Daga baya ne wani ƙanena da ya san harkar intanet ya nuna mini cewa an kwaso su ne daga shafukan wasu ɗakunan bugu na ƙasashen waje. Mai tallan ya ce ofishinsa yana unguwar Filato, amma duk ranar da na nemi zuwa sai wani uzuri ya taso: yau an ɗauke wuta, gobe ƙura ta sa an rufe ɗakin inji, jibi kuma ya tafi duwan fito da kaya. Kullum haɗuwarmu a bakin wani gidan mai ne, kaya kuma ɗan kabu-kabu ne ke kawowa. Na yarda cewa tun a nan ya kamata in tsaya, amma farashinsa bai kai rabin abin da na saba biya ba idan na aika aiki waje, ga shi kuma ina da baje koli a gabana, sai na manta cewa araha ba ta ado.

Cutar tasa hawa uku ce, kuma ta farko ita ce mafi sauƙin ganewa. Yana karɓar kafin alƙalami mai nauyi, da hujjar cewa sai an yi odar takarda, kuma yana so a tura kuɗin ta kamfanin aika kuɗi da sunan wani mutum daban, wanda yake kira akawunsa. Wata ƙanwarmu mai zane, wadda ta tara kuɗinta da ƙyar domin ta buga kwafin zanenta guda 8, ta tura masa jika 120, yau wata biyar ke nan ba hoto ba kuɗi. Amsarsa ita ce kayan sun maƙale a tashar jirgin ruwa ta Lome. Kowa ya san cewa tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya da yawa ta Lome da Burkina Faso suke biyowa, kuma suna daɗewa a hanya, shi ya sa ƙaryar take shiga kunne.

Hawa na biyu shi ne wanda ya same ni. Ni an kawo mini aikin, hotuna 12 na kokawar gargajiya da na ɗauka a Tawa, rabinsu baƙi da fari, kuma a ranar farko, cikin hasken yamma, ban ga aibinsu ba. Da gari ya waye na fitar da su tsakar gida sai na ga baƙin ya karkata zuwa kore, inuwar jikin ƴan kokawa ta cushe ta zama dunƙule guda, babu tsokar da ake rarrabewa. Dalilin haka a fili yake ga wanda ya san injin. Injin ofis mai launi huɗu yana harhaɗa toka-toka ne daga shuɗi da ja da rawaya, shi kuwa injin bugun fasaha yana da baƙi da toka-toka nasa daban-daban, shi ya sa hotonsa na baƙi da fari ke fita tsaf. Na juya takardar na shafa bayanta, sai na ji santsin roba irin na takardar hoto ta yau da kullum, alhali takardar auduga irin Photo Rag mai nauyin giram 308 da ya rubuta mini a saƙo tana da kauri da laushi kamar ƙyalle. Manyan guda biyu da ya ce a kan ƙyallen zane suke, warinsu kaɗai ya tona asirinsu, domin warin tawadar allunan talla ne, irin waɗanda ake bugawa domin biki ko buɗe shago. Ba raina wannan sana'a nake yi ba, tana da wurinta da farashinta, amma ba ita na biya ba.

Domin in tabbatar wa kaina, na yanki gefen hoto ɗaya, na rufe rabinsa da kwali, na jingine shi a taga mai fuskantar rana. Cikin makonni shida na zafin Afrilu da Mayu, rabin da ke buɗe ya koɗe har yaro ma zai ga layin da ya raba su. Tawadar garin launi a kan takarda mai kyau, idan aka sa ta bayan gilashi nesa da rana kai tsaye, ana auna rayuwarta ne da gomman shekaru. Mutumin ya haɗo mini har da takardar shaidar inganci mai tambari mai walƙiya. Gaskiya ne Hahnemühle na sayar da irin wannan shaida, mai tambari biyu masu lamba ɗaya, ɗaya a kan shaidar ɗaya a bayan hoton, amma tasa babu lamba ko ɗaya, tambarin kuma irin wanda ake liƙawa a kwalin waya ne.

Hawa na uku ne ya sa na zauna na rubuta wannan dogon bayani, domin kuɗi ana iya mayar da su, wannan kuwa ba ya dawowa. Tun a hirar farko yakan ce kada a turo masa hoto ta WhatsApp, saboda manhajar tana matse hoto ta rage ingancinsa. Gaskiya ya faɗa. Bugu mai kyau yana son kimanin ɗigo 300 a kowane inci, kuma hoton kyamara mai megafiksel 24, wato ɗigo 6000 a tsawo 4000 a faɗi, a wannan ma'auni yana ba da kusan santimita 51 da 34 ne kawai, balle wanda aka matse. Da wannan gaskiyar yake karɓar asalin fayil ɗin, cikakke, ba tambari ba suna, a kan kile, wato ƴar na'urar USB ta ajiyar fayil. A wurin masu zane kuma yakan karɓi zanen kansa na kwana biyu, wai zai ɗauke shi da na'ura ta musamman. Daga ranar nan yana da abin da zai buga aikinka sau ɗari ba tare da ka sani ba.

Wata uku bayan rabuwarmu, wani abokina ya kira ni daga wani shagon sayar da kayan tsaraba ga baƙi, ya ce in zo in ga abin mamaki. Na tarar da hotona na ɗan kokawa yana ɗaura laya a damtse, an sa shi cikin katako, an rubuta 4/20, wato kwafi na huɗu cikin ashirin, da fensir a ƙasa, an kuma yi wani sa hannu da ba nawa ba. Mai shagon, dattijo ne mai mutunci, ya rantse mini cewa sayo su ya yi daga wani da ya ce shi ne wakilin mai hoton, kuma na gaskata shi, domin nan take ya sauke sauran guda uku ya miƙa mini. To amma nawa aka riga aka sayar, kuma suna bangon wa? Wanda bai san kasuwar fasaha ba zai ce ai talla ce aka yi mini kyauta. Ba haka ba ne. Darajar hoton fasaha tana rataye ne a kan alkawarin mai shi cewa kwafi kaza ne kawai a duniya. A Faransa, misali, dokar haraji ba ta ɗaukar hoto a matsayin aikin fasaha sai idan mai shi ne ya buga ko aka buga ƙarƙashin kulawarsa, ya sa hannu, ya sa lamba, kuma adadin bai wuce 30 ba. Masu saye da ke zuwa daga can, da waɗanda ke halartar bikin hotuna na Bamako da ake yi tun 1994, sun san wannan ƙa'ida sarai. Ranar da ɗayansu ya ga lamba 4/20 sau biyu, ko hoton da ya saya da sunana ya koɗe cikin shekara guda, ba mazambacin zai zarga ba, tun da bai san da shi ba. Ni zai kira maƙaryaci, kuma zai faɗa wa wasu.

Saboda haka, duk wanda zai ba da aikinsa a buga, kowane ne mai bugun, ya je da ƙafarsa ya ga injin yana aiki, ya karanta sunansa da lambarsa, ya ƙirga tawadar da ke cikinsa, ya kuma ce a nuna masa kwalin takardar da alamar kamfanin a jiki. Mai aikin gaskiya ba ya jin haushin wannan, hasali ma alfahari yake yi da kayansa, kuma akwai irinsu a garin nan da maƙwabta, bai kamata laifin mutum ɗaya ya shafe su ba. A fara da gwaji ƙarami, a biya kuɗinsa, a duba shi da hasken rana, kafin a yi maganar babban aiki. Kada a tura kuɗi da sunan da ba na mai aikin ba, kuma a karɓi rasiɗi mai ɗauke da sunan takarda, nauyinta, irin tawada, girma da adadi. Game da fayil kuwa, shawarata ita ce a kai wanda aka daidaita daidai girman da za a buga, a tsaya a buga a gaban mai shi, a goge a gabansa, sannan a rubuta yarjejeniya ko da ta shafi ɗaya ce, cewa ba a yarda a buga ko kwafi ɗaya bayan adadin da aka ambata ba. Mai zane kada ya bar zanensa ya kwana a hannun wanda bai san ɗakin aikinsa ba. Yana da kyau kuma mutum ya yi rajistar ayyukansa a ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, wato BNDA, domin ranar gardama takarda ce ke magana.

Mu huɗu muka haɗu muka kai ƙara wurin ƴan sandan farin kaya masu kula da laifukan intanet, bisa dokar 2019 da ta shafi irin waɗannan laifuka, muka miƙa hotunan hirarrakinmu da shi, da rasiɗan tura kuɗi, da kwafin jabun da aka sauke daga shago. Ina roƙon waɗanda abin ya shafa kada su goge saƙonninsa don fushi, kuma su guji wallafa suna ko hoton wanda suke zargi, domin dokar nan ɗaya tana hukunta ɓata suna ta intanet, kada mai neman haƙƙinsa ya koma wanda ake tuhuma. A makon jiya shafin ya sake fitowa da sabon suna da sabuwar lamba, da hotunan injin nan dai na aro, yana tallan rangwame na musamman ga ɗalibai da masu shirin baje koli, yana kuma cewa yanzu yana karɓar aiki daga Tawa da Agadas ta motocin safa. Duk wanda ya taɓa ba shi kile ko zane, ya zagaya shagunan tsaraba da zaurukan otal-otal ya duba bango da kyau, idan ya ga aikinsa ya ɗauki hotonsa a inda yake rataye, ya tambayi mai wurin cikin ladabi daga wa ya saya, sannan ya kai abin da ya samu wurin masu binciken domin a haɗa da ƙararmu.