Hoton dattawa na baƙi da fari a wani sutudiyo na Jos: hasken ya yi, wankin da saura

Sutudiyon yana kan titin Ahmadu Bello, ba nisa da Taminus, kuma a hawa na biyu yake. Wannan shi ne aibinsa na farko, domin matakala ba abokiyar mai ciwon gwiwa ba ce. Wanda zai kai kaka ko baba ya roƙi a ba shi lokacin safe, kafin titi ya cika, ya kuma tafi da wanda zai riƙe hannu.

Inda suka yi fice shi ne haske. Duk mai hoto ya san wahalar ɗaukar baƙar fata cikin farar babbar riga. In ka auna haske da fuska, rigar ta ƙone ta zama farin fili, aikin aska takwas da aka kashe wa kuɗi ya ɓace. In ka auna da rigar, fuskar ta nitse cikin duhu. Su nan fitila ɗaya babba suke sawa, mai rufin farin ƙyalle, faɗinta kusan mita ɗaya, a gefe kuma sama da kai kaɗan, sai su karkatar da ita ta fi bugun fuska a kan ƙirji. A ɗaya gefen akwai farin allo mai mayar da haske, don kada inuwa ta cinye rabin fuska. Da haka ake ganin zaren aikin wuya, ana ganin furfura ɗaya ɗaya. Labulen baya toka-toka ne mai duhu, kuma suna zaunar da mutum kimanin mita ɗaya da rabi daga gare shi. Dabara ce mai kyau, don farin gemu ko rawani a gaban farin labule narkewa yake yi.

Idon kyamarar mai milimita 85 ne, wanda ba ya kumbura hanci kamar kyamarar waya in an matso da ita. Ga mutum ɗaya suna buɗe shi a f/5.6, wato ma'aunin faɗin ƙofar da haske ke shiga ta cikinsa, in kuwa iyali ne sahu biyu, tsofaffi a zaune, 'ya'ya da jikoki a tsaye, sai su tsuke ƙofar zuwa f/8 don kada na baya su dusashe. Masu tabarau ma, sun san yadda za su yi da su: ɗaga ƙafar tabaran kaɗan daga kunne, gilashin ya sunkuya, ƙyallin fitila ya fita.

Abu biyu ya rage wa iyali su kiyaye tun daga gida. Kada a shafa wa tsoho basilin ko man kaɗe da yawa, ko da hunturun Jos ya busar da fata, don goshi zai yi ta walƙiya. Sannan atamfa mai ja da kore, in haskensu ɗaya ne, toka ɗaya suke zama a hoton baƙi da fari, zanen ya mutu. Shadda ko leshi mai launi ɗaya ya fi fitowa.

Matsalar tana farawa ne a kan kwamfuta. Yaran da ke gyara sun saba da hoton amare, hannunsu ya yi nauyi. In ba a hana su ba, sai su goge tamoji, su share tsagar gargajiya da ke kumatu, su ƙara wa fata haske har Hajiya mai shekara tamanin ta koma kamar 'yar tsana. To me aka zo ɗauka, in ba waɗannan layukan ba? A faɗa musu tun farko: a cire ƙura da ƙurji kawai, a bar sauran, kuma a nuna hoton a allo kafin a wanke.

Wankin ma sai an sa ido. Injin hoto mai kala suke amfani da shi, shi ya sa baƙin wani lokaci yake ɗaukar kore-kore ko shuɗi-shuɗi. A cikin shago ba a lura, sai an fito rana. A nemi gwaji ƙarami na inci 5 da 7, a duba shi a bakin ƙofa, sannan a ba da izinin babban, ko 12 da 16 ko 16 da 20. Takarda marar ƙyalli ta fi dacewa da fuskar dattijo.

Firam ɗinsu na yau da kullum yana manna hoto da gilashi kai tsaye. Damina a Jos doguwa ce, danshi zai shiga, hoton ya liƙe, ranar da aka zo cirewa ya ɓare. A biya ƙarin kuɗin kwalin da ake zagaye hoto da shi, wanda ke raba shi da gilashin. Ainihin hoton kuma a karɓe shi a memori, domin wanda suke turowa ta WhatsApp an matse shi, ba zai wanku da girma ba.