Gargaɗi ga masu neman manyan tayoyin Hilux: jikka 480 na biya, tsofaffin tayoyi aka aiko mini

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Tahoua da kewaye. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina kai da kawo a raina a kan wannan magana, domin ba ƙaramar kunya ba ce a ce mutum mai shekara goma sha tara yana riƙe da sitiyari shi ne aka damfara a kan taya. Amma jiya na ga hotunan da aka yaudare ni da su an sake saka su a Facebook da wata lamba dabam, sai na ga cewa idan na ci gaba da yin shiru, ina da hannu a cutar wanda zai biyo bayana.

Jikka 480 na biya, wato sefa 480.000, a kashi biyu, jikka 250 da farko, jikka 230 daga baya.

Motata Hilux ce, da ita nake kai hatsi Abalak da Cintabaraden, kuma duk wanda ya san waɗannan hanyoyi ya san yadda cikin mota ke shafar yashi idan an yi mata lodi. Tayoyin da take da su masu lambar girma 265/65 R17 ne, ni kuma na daɗe ina son in koma 285/70 R17. Da lissafi na shiga wannan shawara, domin da kaina na buga shi: tsawon ta farko daga ƙasa zuwa sama milimita 776 ne, ta biyu kuwa milimita 831, bambancin ya kusa santimita biyar da rabi, kuma rabinsa ne yake ɗaga mota daga ƙasa. Ina faɗin wannan ne saboda masu cewa ban san abin da nake saye ba. Na sani sarai.

Shi ma mutumin da ya sayar mini da tayoyin ya sani, kuma da wannan sanin ya kama ni. Ranar da muka fara magana ta WhatsApp bai yabi kayansa ba ko kaɗan. Shi ya fara ce mini, "Baba Alhaji, in ka sa wannan girman, agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, in ya nuna 100 kana wajen 107 ne." Ya ce motar za ta ƙara shan gazuwal, za ta yi nauyi wajen tashi da lodi, birki zai ƙara wahala, kuma idan na karya sitiyari har ƙarshe tayar gaba za ta iya gogar robar da ke tare laka, sai an ɗan yanke ta. Duk wannan gaskiya ne, babu ko ɗaya da makanikena ya musa. Har ya ba ni shawara in tsaya a 265/70 R17 idan ba na son taɓa jikin motar. Ku gaya mini, wane ɗan damfara ne yake ba mai saye shawara ya ɗauki abin da kuɗinsa bai kai ba? A nan zuciyata ta kwanta, kuma har yau wannan maganar ce take dawo mini idan na kwanta barci.

Bayan tayoyin sun iso an ɗaura su, a kusa da Badagishiri tayar baya ta hagu ta fashe, da tsakar rana, muna dawowa daga Ƙonni da buhunan masara. Kwanan tayoyin shida kacal a jikin mota. Ɗan ƙanwata ne yake tuƙi, motar ta yi wutsiya sau biyu kafin ya samu ya sauke ta gefen kwalta, kuma da ya fito hannunsa na rawa, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Kawu, sabuwar taya ba ta yin haka." Fatar saman tayar ta saɓule kamar an feɗe ta, wayoyin ƙarfen ciki duk sun yi tsatsa. Allah ne ya tsare, da akwai babbar mota a bayanmu da yanzu wani labarin ake yi.

Kafin wannan, ranar da zan aika kashi na biyu, na ce sai na ga kayan da idona, ya kira ni ta bidiyo. Ya nuna mini tayoyi biyar jere a wani shago, kowace da takardarta manne a kai, ya ce daga Lome suka shigo, tun da an rufe iyakar Benin a 2023 kaya ba sa zuwa ta Gaya kamar da. Na ce ya nuna mini lambar shekara, wato lambobi huɗun da ke gefen taya masu nuna lokacin da aka ƙera ta. Ya kai wayar kusa da gefen taya, na ga 285/70 R17 ƙarara, na ga haruffan DOT da lambar shekarar take biyo bayansu, amma babban yatsansa yana daidai wurin da lambobi huɗu na ƙarshe suke. Na ce ya janye hannu, sai hoton ya tsaya, ya ce intanet ce ba ta da ƙarfi. Da ya sake kira sai ya ce, "Baba, yau Alhamis ina azumi, ba zan ci haƙƙinka in sha ruwa da shi ba." Na ga yatsan nan, wallahi na gan shi. Amma mutum ya ambaci azumi, ya kira ni uba, ya riga ya gaya mini gaskiya a kan abubuwa biyar, sai na ji nauyin in matsa masa a kan na shida. Bayan la'asar na tafi na aika jikka 230.

Kuma ba araha na bi ba, wannan ina so a fahimta. Jikka 90 ya sa wa kowace taya, biyar sun kama jikka 450, sauran jikka 30 kuma kuɗin faifan ƙarfe ne da ake sawa a bayan janti don taya ta ɗan fito waje, wanda har yau ban gan shi ba. Da ya ce mini jikka 40 da na gudu tun a ranar. Ya san farashin da zai faɗa hankali ya ɗauka.

Tayoyin sun iso tasha da motar Yamai, a naɗe cikin leda, baƙi ƙirin suna sheƙi. Magariba ta kusa, yaran gareji suka ɗaura su cikin sauri, ni kuma ina tsaye ina kallon yadda motar ta ɗaga, raina fari. Sai bayan fashewar ne wani dattijo mai faci ya sa aka kwance sauran, ya wanke gefen ɗaya da ruwa da omo, baƙin ya fita kamar man takalmi, ƙananan tsagogi suka bayyana birjik a jikin robar. Ya sa farce cikin zanen taya ya ce, "Alhaji, wannan zanen hannu ne ya yanka shi da wuƙa mai zafi, duba bakinsa ba daidai yake ba." A guda huɗu an goge lambar shekarar, wurin ya yi santsi. A safaya kaɗai suka manta, an rubuta 1413. Lambobi biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato mako na 14 na shekarar 2013. Taya mai sama da shekara goma, wadda ta riga ta gama aikinta a wata ƙasa, ita aka sake wa zane aka manna wa takarda aka karɓi jikka 90 a hannuna, aka kuma bar ni na ɗora mata buhuna da ran yaro a zafin nan namu.

Na manta ban faɗa ba, tun ranar da na aika jikka 250 na farko na lura sunan da ya ba ni na mai karɓar kuɗi ba shi ne sunan da yake amfani da shi ba. Ya ce ƙanensa ne mai zama a shago. A kasuwa ana yin haka kullum, ni kaina yarona yana karɓa mini kuɗi, shi ya sa ban ɗauke shi wani abu ba.

Da na kira shi daga bakin hanya ya ɗauka, ya yi mini jaje, ya ce wataƙila iska ce ta yi yawa, ya yi alkawarin aiko wata. Da na tura masa hoton 1413, bai ƙara ɗaukar kirana ba, washegari lambar ta mutu. Na sa wani ɗan uwana a Yamai ya bi kwatancen shagon, ya tarar masu wurin ba su san shi ba, sun ce dai akwai wani da yakan shigo ya ɗauki hoton kaya ya fita. Ashe tayoyin da ya nuna mini ma ba nasa ba ne. To me yatsan yake ɓoyewa? Har wannan tambayar ta hana ni sukuni, kuma abin da na fi zato shi ne don kada in riƙe lambar in gwada da abin da zai iso. Allah ya isa tsakanina da shi, jikka 480, ban yafe ko dala ba.

Kada ku biya kuɗin taya sai kun karanta lambobi huɗun nan da idonku, idan wurin a goge yake ku bar ta. Ku wanke gefenta da ruwa kafin a ɗaura.

Na kai ƙara ofishin 'yan sanda, na ba su rasit biyu na aika kuɗin da lambobin wayarsa. Hotunan hirarmu, da muryar da ya ambaci azumi, da hoton safayar da na tayar da ta fashe, duk suna cikin wayata, zan saka su bayan isha idan na rufe sunan wanda ya karɓi kuɗin, tun da 'yan sanda sun ce in dakata da shi. Tayoyin huɗu da ragowar ta biyar suna jingine a zaurena, duk mai Hilux ko Land Cruiser da yake son ya ga yadda ake yanka zanen ƙarya ya zo ya sa hannu ya taɓa.