Intanet kyauta ga ɗaliban unguwa: abin da kwamiti zai saya da abin da zai gudu a kasuwa

Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, maganar karatu daga nesa ba ta sake barin bakin iyaye ba. A lokacin, rediyo ce ta rufa mana asiri a Kano da Kaduna, yara suna zaune gaban akwati suna jin darasi. Yau kuwa abin ya wuce rediyo. Mai karatu a NOUN, jami'ar karatu daga gida, yana buƙatar intanet, mai karatu a sashen koyarwa daga nesa na ABU Zariya haka, shi ma yaron da zai zauna JAMB dole ya saba da kwamfuta, tunda da ita ake rubuta jarrabawar tun 2015. Sai ga shi a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari. Wanda da ma da ƙyar yake haɗa kuɗin data, ina zai sa kansa?

Wannan ne ya sa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban firamaren unguwarmu ta ari ɗaki ɗaya a gefen Islamiyya, muka ce za mu sa wa yara intanet kyauta. Ni aka ɗora wa riƙon kuɗi, don haka duk wani kuskure da aka yi, da hannuna aka ƙirga kuɗinsa. Idan kwamitinku na shirin irin wannan aikin alheri, ga abin da na gani.

Kafin a zo ga kaya, tambaya biyu nake so ku yi wa kanku. Wa zai riƙa biyan kuɗin wata bayan an gama bikin buɗewa? Kuma ina wutar za ta fito? Ranar buɗewa kowa zai ba da gudummawa, Alhaji zai zo, kansila zai zo, a ɗauki hoto. A wata na huɗu sai ka ga daga kai sai sakatare ake kallon juna. Saboda haka ni ba na auna na'ura da gudunta. Da kuɗin watanta nake auna ta, da kuma wutar da take sha.

Ƙaramar MiFi ta aljihu, wato 'yar na'urar da ake sa wa layin waya ta raba Wi-Fi, ku bar ta wa matafiya. Mutum goma suka hau ta fara numfashi sama-sama, batirinta kuma ya kumbura kafin bazara ta wuce. Raba wa kowane ɗalibi kuɗin data a hannu shi ma mun gwada na wata biyu. Rabin datar a kallon ƙwallo da TikTok ta tafi, ban kuma ga laifinsu ba, yaro yaro ne. Wayar fayiba kuwa, wato wayar intanet da ake jawowa har gida, idan ta biyo ta layinku ku gode wa Allah ku ja, amma a yawancin unguwanninmu ba ta iso ba, inda ta iso kuma masu aikin titi da magudanar ruwa ba su bar ta ta huta ba.

Saura biyu ke nan da suka cancanci a zauna a yi magana a kansu.

Starlink shi ne wanda matasan kwamiti suka nace a kai. Ya shigo Najeriya a watan Janairun 2023, ita ce ƙasar farko a Afirka da ta samu, kuma gaskiya yana da gudu. Daga tauraron ɗan'adam yake ɗauko sabis, ba ruwansa da ƙarfen sabis na unguwa. Ga ƙauyen da ko kira sai an hau tudu, babu wani zaɓi da ya kai shi, wannan ba na musu. Amma ku dubi tarihin kuɗinsa. A watan Oktoban 2024 kamfanin ya tashi ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, na'urar kanta kuma daga 440,000 zuwa 590,000. NCC ta nuna ba da yawunta ba, aka dakata, daga baya kuɗin watan ya koma 57,000. Kwamitin da ke tara ɗari biyar-biyar bayan sallar Juma'a zai iya kwana da irin wannan hawa da sauka? Ga shan wuta. Babban farantinsa na kama sabis yana cin wajen wat 50 zuwa 100, ya danganta da samfurin. A kunna shi awa goma, an sha wat-awa 500 zuwa 1,000, kafin a yi maganar fanka da cajin wayoyi. Wato sayensa yana jawo sayen babbar sola, a nan kuma kuɗin yake ninkawa. Ku kuma sani tsarinsa na gida bai yarda a riƙa sayar wa jama'a sabis ba, don haka masu tunanin karɓar ɗan wani abu daga manya don rage kuɗin wata su karanta sharuɗɗan tukuna.

Ni dai nawa zaɓin, kuma ba na ɓoyewa, rauta ce ta 4G mai layin waya, wato na'urar da ke kama sabis ta raba wa wayoyi intanet, irin wadda ake ɗaure ta a waje bisa dogon ƙarfe tana fuskantar ƙarfen sabis, a jawo waya guda ta shigo ɗaki. Bambancin da ke tsakanin rautar da aka ajiye kan tebur ƙarƙashin rufin kwano da wadda aka ɗaga sama da rufin, sai wanda ya gani da idonsa. A ɗakinmu sanda biyu ake samu a ciki, da muka ɗaga ta sama sabis ya cika. Wutar da take sha ba ta taka kara ta karya ba, wajen wat 10 zuwa 15. Ko an haɗa da na'urar watsa Wi-Fi ta tsakar gida, duka-duka ƙaramin batir da farantin sola ɗaya sun riƙe su daga safe har bayan isha'i. Idan ta lalace, akwai yaron da zai duba ta a kasuwar waya ta garinku. Idan wata ya zo da ƙarancin kuɗi, a sayi ƙaramin tsari a lallaɓa, ba a rufe ɗaki ba. Idan kamfani ɗaya ya fara wasa, a zare layinsa a sa na wani.

Wannan na ƙarshen sai in rautar buɗaɗɗiya ce, mai karɓar kowane layi. Waɗanda kamfanonin waya ke sayarwa da araha galibi a kulle suke da layinsu kaɗai. Kafin ku sayi komai, ku ari wayoyi masu layin MTN da Airtel da Glo, ku tsaya a daidai wurin da za a kafa, ku gwada da safe, ku sake gwadawa tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare lokacin da kowa ya hau. Gwajin dare shi ne na gaskiya, don a lokacin ne ɗaliban jami'a da ke aiki da rana za su zo. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: 4G ɗin Glo yana tafiya ne a kan zango na 28, wato 700MHz, kuma tsofaffin rautocin da ake kwasowa daga Turai da yawa ba su da shi. Ku duba takardar na'urar. Zancen 5G kuma, MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo a 2023, amma sai a wasu unguwannin manyan birane. Kada a sayar muku da tsadarsa alhali ba ya zuwa layinku.

Abin da ya sa na ƙara son wannan tsarin shi ne 'yar kwamfutar da muka haɗa masa, Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Muka zuba mata Kolibri da Kiwix, manhajoji ne na kyauta da ke ajiye darussa da bidiyo da Wikipedia, har da ta Hausa, a cikin ɗakin. Yaro zai haɗa wayarsa da Wi-Fi ya yi ta kallon darasin lissafi ba tare da an taɓa data ko kaɗan ba. Sau ɗaya ake saukewa, yara hamsin su amfana. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, intanet ya rikice a Afirka ta Yamma, irin wannan akwatin ko a jikinsa. Mutanen Zamfara da aka rufe wa layukan waya a watan Satumban 2021 sun fi kowa sanin darajar karatun da ba ya jiran sabis. Ita kuwa datar da aka saya, a tanade ta don abin da dole sai da ita: ajin kai-tsaye, aika aikin gida, rajistar jarrabawa, da shiga Nigeria Learning Passport, dandalin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, wanda ke da darussa har da Hausa. Masu son zurfafa ilimin irin wannan aiki, cibiyar CITAD da ke Kano ta daɗe tana horar da mutane kan intanet na al'umma, Gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan kuma tana cikin waɗanda suka fara shi a ƙasar nan.

To, yanzu ga inda aka ƙone ni, kuma ina roƙonku ku karanta a hankali.

Batir. Mun je wani shago, mai shagon ya tarbe mu da ruwan sanyi da "sannunku da aikin Allah". Ya nuna mana batir mai lamba 200Ah, wato ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa, sabo fil a leda, ya ce, "Alhaji, tunda na marayu da ɗalibai ne, na cire ribata." Na ji daɗi har na yi masa addu'a. Sati uku batirin ya yi yana aiki, a na huɗu ƙarfe takwas na dare wuta ta ɗauke yara na tsakiyar darasi. Da mai gyara ya duba, tsohon batir ne aka wanke, aka sake masa kwali da takarda. Da na koma, sai mai shagon ya ce ai mu ne muka yi masa lodi fiye da kima. Ranar da na tsaya gaban kwamiti ina bayani, da ƙasa za ta tsage da na shige. Kuɗin jama'a ne, har da na wata tsohuwa mai ƙosai da ta kawo nata a ƙulle a bakin zane.

Don haka ku auna batir a sikeli. Na ruwa mai 200Ah na gaske yana kai kilo 55 zuwa sama, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin sauƙi. Ku duba kan sandunansa ko akwai shatin an taɓa ɗaure waya. Ku nemi ranar da aka ƙera shi, don batirin da ya shekara a sito ba caji ya riga ya fara mutuwa. Kada ku yarda da gwajin mita kawai, tsohon batir ma zai nuna volt 12 da ɗoriya in an yi masa caji da safe. A ɗora masa kaya a gabanku a ga yadda yake sauka. In da hali ku sayi na lithiyam irin LiFePO4, ya fi jure yawan caji da saukewa, amma shi ma ana haɗa shi da tsofaffin ƙwayoyi a rufe a akwati mai ƙyalli. Wanda ya ƙi rubuta muku garanti a rasit, da lambar batirin da sa hannunsa, ku yi masa sallama ko da limamin unguwarku ne ya turo ku wurinsa.

Farantin sola ma haka. Takardar da ke bayansa ba ta da wuyar bugawa. Faranti mai wat 300 na gaske tsawonsa ya kai wajen mita ɗaya da rabi, faɗinsa kusan mita guda. In aka nuna muku wanda bai kai haka ba an rubuta 300 ko 400, ƙarya ce tsirara. Ku je da mai gyaran da ku kuka ɗauko, ba wanda mai shago ya kira ba, a fitar da farantin rana tsaka a gwada. Waya kuma a kankare bakinta a gani, akwai farin ƙarfe da ake shafa wa ruwan tagulla, yana zafi yana cinye wuta.

Sai masu kalmar "ba iyaka". Kusan duk tsarin da aka ce datarsa ba ta ƙarewa yana da wani adadi da in an kai shi za a rage gudu har bidiyo ya daina motsi. Ku tambayi adadin, a nuna muku a rubuce. Ajin bidiyo na awa guda yana iya cin rabin gig zuwa gig ɗaya ga mutum ɗaya, ku yi lissafi da yawan ɗalibanku. Masu sayar da data mai arha a WhatsApp da ke cewa a tura kuɗin wata shida gaba ɗaya, ku bar su da Allah. Layin da za a sa a rauta kuma a yi masa rajista da NIN ɗin wani amintaccen ɗan kwamiti mazaunin unguwa. Kada ku karɓi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wanda ba ku sani ba, ranar da aka rufe shi ba ku da bakin magana. Masu sayen Starlink na hannu su ma su tabbatar mai shi ya sake shi daga asusunsa, in ba haka ba faranti kawai kuka saya na ado.

Ƙananan abubuwa da suka rage: a ajiye batir a inuwa inda iska ke shiga, don zafin Afrilu yana rage masa kwana. A riƙa goge farantin sola duk bayan kwana biyu lokacin hunturu, ƙura tana rage wuta sosai. Ƙarfen da aka ɗaura rauta a kai a ja masa waya zuwa ƙasa saboda tsawa kafin damina ta faɗi. Kalmar sirri ɗaya kuma ba ta kwana biyu ba ta zaga unguwa ba. Mu da muka ga masu shayi da 'yan acaba sun fi ɗalibai yawa a bakin ƙofa, sai muka ƙara 'yar na'urar MikroTik mai fitar da lambar shiga ga kowane ɗalibi, awa biyu a rana. Malamar da ke kula da ɗakin ita ke riƙe da littafin lambobin, 'yan mata daga azahar zuwa la'asar, maza bayan magariba.