Wane Rumbun Darussa Na Kyauta Ya Fi Wa Malamin Jami'a Amfani?

Kafin ka sauke komai, duba lasisinsa. Ba duk abin da ake kallo kyauta ne aka yarje maka ka gyara ka raba wa ɗalibai ba. A wannan ma'aunin, shafukan kwasa-kwasan intanet na Coursera da edX sun faɗi tun daga bakin ƙofa, don mai koyo aka yi su. Khan Academy kuwa na cike giɓin sabon shiga ne.

OpenStax na Jami'ar Rice, wanda ya fara a 2012, littattafai ne masu kyau da masana suka tantance, amma littafi ba ya nuna maka yadda ake tafiyar da zango.

A nan ne MIT OpenCourseWare, rumbun kwasa-kwasan jami'ar MIT ta Amurka, ya yi musu fintinkau. An sanar da shi a 2001, yau yana ɗauke da kwasa-kwasai sama da 2,500. Buɗe kwas ɗin lissafi (Linear Algebra) mai lamba 18.06 na Farfesa Gilbert Strang ka gani: ga jadawalin laccoci, ga bidiyonsu, ga aikin gida, ga tsoffin jarrabawa da amsoshinsu. Ka ajiye jadawalinsa kusa da naka, nan take za ka gane inda kake ɓata mako biyu kan abin da lacca ɗaya ta isa. Wasu kwasa-kwasan ma suna da sashen Instructor Insights, inda malamin ke bayyana dalilin tsarinsa. Lasisinsa na Creative Commons ne, nau'in CC BY-NC-SA, wanda ya yarje a gyara a raba bisa sharaɗi: ka ambaci mai shi, kada ka yi kasuwanci da shi, abin da ka gyara ya fita da irin wannan lasisin.

Sai dai kada ka kwashe shi ɗungurungum. Saurinsa na ɗaliban MIT ne, kuma amsoshin na nan a intanet. Ka ba da tambaya yadda take, rabin aji zai kawo maka aiki iri ɗaya sak, har da waƙafi. Sauya alƙaluma, ka nemi kowa ya yi bayanin matakansa.

A yi hattara da 'yan damfara. OpenCourseWare ba ya ba da takardar shaida, ba ya neman rajista. Duk wanda ya ce ka biya ya ba ka "satifiket ɗin MIT" a kansa, maƙaryaci ne. Akwai kuma shafukan da ke tara littattafan sata su liƙa musu "kyauta". In ba ka ga alamar Creative Commons a jikin littafin ba, kada ka ɗora shi a shafin kwas ɗinka, don sunanka ne zai fito. Ka sauke daga ocw.mit.edu ko openstax.org kai tsaye.